Hoton Ƙirjin Inna Hure

In ka je Gwashi ka ce gidan Inna Hure kake nema, za a ce maka, mai hoce? To ita ce. Tun tana amarya a gidan marigayi Malam Muntari take gasa hoce, wainar nan ta garin dawa, ranar kasuwar Bukkuyum 'yan kabu-kabu su kai mata shi can. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, ga bakin tsokana. Daga mai gari har matan Fulani masu kawo mata nono, ba wanda ya tsira. Mutum ɗaya ne a duniya ba ta taɓa yi wa wasa ba: Abdulwahabu, ɗanta na fari.

Kun dai san yadda abin yake a wajenmu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zaman hira da shi, ba a nuna an damu da shi. Hure kuwa ta riƙe kunyar nan da hannu biyu. Ana yaye shi aka kai shi Gummi wajen Goggo, ƙanwar mahaifinsa, can ya yi makaranta. In ya zo hutu ya durƙusa gaishe ta, sai ta juya wajen murhu ta amsa a taƙaice. In tana so ya ci abinci, da ƙanwarsa take magana.

"Hafsa, ki ce ma wancan ga tuwo nan, in yana so."

"Inna, ga shi gabanki ai, yana jin ki."

"Ke na aika, uwar surutu."

Amma duk ranar da ya koma Gummi, sai ya tarar da hoce naɗe cikin tsumma a ƙasan jakarsa, bai kuma taɓa ganin lokacin da aka sa ba.

Yana karatun likita a Sakkwato gubar dalma ta auka wa yaran ƙauyen Duza. Wata rana aka nuna musu hoton ƙashin gwiwar wani yaro daga can, ga farin layi kwance a bakin ƙashin, inda dalmar ta bar sawunta. Yaron ko magana bai fara ba, amma ƙashinsa ya faɗi komai. Daga ranar Abdulwahabu ya ce shi likitan hoto zai zama.

Haka kuwa aka yi. Bayan bautar ƙasa ya samu shiga horon ƙwarewa a sashen hoto na asibitin koyarwa. Aiki ne na ɗaki mai duhu da sanyi: ka zauna gaban kwamfuta, hotunan cikin mutane na zuwa maka, ka rubuta abin da ka gani, na gaba da kai ya gyara. Kowace safiya Farfesa Halilu, shugaban sashen, yakan tara su ya haska hoto a bango ya zaɓi wanda zai sha tambaya.

"Ɗan Gwashi, me ka gani?"

"Karaya a haƙarƙari, ranka ya daɗe."

"Wannan ai ko mai sayar da shayin bakin ƙofa ya gani. Gefe fa? Kusurwa fa? Abin da zai kashe mutum ba ya zama a tsakiyar hoto yana jiran ka."

Da haka idon Abdulwahabu ya goge, har ya zama in hoto ya rikita abokan horonsa, shi suke kira.

Shekarar da yake shirin babbar jarrabawarsa ya zo gida Sallar layya. Kafin ya sha ruwa zaure ya cika. Duk wanda aka taɓa yi wa hoto a asibiti ya zaro shi daga ƙarƙashin katifa ya kawo. Shi kuma yana tsaye a ƙofar tsakar gida yana ɗaga su sama yana dubawa da hasken rana.

"Baba Makau, wannan hoton ƙafar hagu ne. Kai kuma ka ce dama ke maka ciwo."

"To, likita, ai tare suke tafiya," in ji tsohon.

Ana cikin dariyar nan ne, hoton yana sama a hannunsa, gefen idonsa ya faɗa kan Inna. Tana daka, amma da hannun hagu. Na daman ta ware shi daga jikinta kamar mai ɓoye ƙwai a hamata. Ga zafin murhu, ga zafin rana, amma mayafinta na lulluɓe da ƙirjinta. Da ta sunkuya ɗaukar tukunya, ya ga ta cije leɓe.

Ya san abin da hakan ke iya nufi, sarai ya sani. Da mutane suka watse, ya taka har bakin ɗakinta ya durƙusa.

"Inna."

Ta juya wajen bango. "Hafsa, tambayi wancan mi yake so."

To, me zai ce? Tambayar da ke bakinsa sai an ambaci mama, an ambaci hamata, an ce buɗe a gani. Ga matan mutane yana faɗin haka kullum ba tare da ya ji komai ba. Amma wannan Inna ce, shi kuma ɗan fari. Ya juya wajen Hafsa.

"Ki ce mata na ga kamar hannun na damunta."

"Inna, wai hannunki."

"Ki ce mai, sanyi ne. Likitan da bai san sanyi ba, mi anka koya mai can?"

Hafsa ta tuntsire da dariya. Shi ma ya yi, har da jin daɗi, don bai taɓa jin ta tsokane shi ba sai ranar. Ya bar maganin ciwon jiki ya tafi, yana ce wa ransa in an gama jarrabawa zai zo da likita mace ta duba ta.

Jarrabawa ta zo ta wuce, ya ci. Sai hanyar Anka ta ƙi biyuwa saboda rashin tsaro, da ta lafa kuma aiki ya ƙaru masa. In ya buga waya, Hafsa ta ce da sauƙi, don abin da aka ce ta ce ke nan. Shi kuma ya karɓa, don abin da yake son ji ke nan. Aka yi shuka, aka yanke gero, aka rore wake.

Ranar da Hafsa ta daina cewa da sauƙi, numfashi ne ya fara gagarar Inna. Aka sa ta a bas aka kawo ta asibitin.

Babbar na'urar hoton nan da ake zura mutum a cikinta, ɗakinta daban ne. Mara lafiya na kwance shi kaɗai, likita na bayan gilashi, ana magana ta lasifika. Wani abokin aikin Abdulwahabu ya ce ya tashi ya bar masa kujerar. Ya ƙi. Ya danna maɓalli.

"Inna, ki ja numfashi, ki riƙe."

Ta ja, ta riƙe. Hotunan suka fara fitowa. Ga ƙullutun a maman dama, ya miƙa har hamata. Ga huhun duka biyu da fararen ɗigo kamar an watsa tsaba. Farfesa Halilu na tsaye a bayansa, yau bai tambaye shi me ya gani ba.

"Ranka ya daɗe, da tun lokacin Sallah aka kawo ta fa?"

"Wataƙila," in ji Farfesa. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Wataƙila."

Sai muryar Inna ta fito ta lasifika. Tana kwance tana kallon sama.

"Kai mai magana cikin bango."

Ya danna. "Na'am, Inna."

"Ka san wani likita nan, ɗan Gwashi, dogo, mai kunnuwa irin na ubanshi?"

"Na san shi."

"To ka hwaɗa mai, ranar Sallah ya gani, ni ma na ga ya gani. Ni na kore shi. Kar ya aza ma kanshi laifi." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Kuma ya riƙa cin abinci. Na gane shi bakin ƙofa, wuya kamar na zalɓe."

Ya ɗauke yatsa daga maɓallin don kada ta ji abin da ke faruwa da shi. Can ya sake dannawa.

"Zan gaya masa."

"Yauwa. To a fidda ni, wurin ga sanyi kamar cikin randa."

Hirar da suka taɓa yi ke nan, ita da shi, ba ɗan aike. Ta yi sauran kwanakinta a gidansa, matarsa Naja'atu da Hafsa na jinya, ana ci gaba da ki ce ma wancan. Kafin wata Sallar ta zagayo aka kai ta makwancinta.

Yanzu Abdulwahabu ya gama horo, shi ke haska hoto a bango yana tambayar ƙananan likitoci gefe fa, kusurwa fa. Saƙon Inna ya isar wa mai shi, amma mai shi bai karɓa ba har yau. Ma'aikatan ɗakin na'urar sun ce in an gama ɗaukar hoton wata tsohuwa, yakan ɗan zauna shiru yana sauraren lasifikar kafin ya ce a fito da ita.