Ranar da Na Zauna a Gaban Jirgin Feshi

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta yammar da na zauna a ƙasa gaban jirgin sama ba, da babbar rigata ta zuwa Juma'a.

A shekarar, tsuntsayen janbaki sun sauko wa shinkafar da ake nomawa a madatsar ruwa ta Bakolori, har da tawa gonar. Mun buga gwangwani, mun yi ihu har murya ta dushe, a banza. Sai aka ce an turo ƙaramin jirgin feshi, kuma ɗaya daga cikin matuƙan biyu ɗan ƙanwata ne, wanda bai daɗe da gama koyon tuƙi ba. Kai, zo ka ga murna a Mafara! Na yanka rago, mata na ta guɗa, a kasuwar shanu kuwa ba wanda ban tare na ba shi labari ba.

Gab da magariba ake feshin, lokacin da tsuntsayen suka koma makwancinsu, kuma ƙasa-ƙasa jirgin yake bi, dab da kan itatuwa. Ranar farko babban matuƙin ya je Gusau, mota ta lalace masa a hanya. Filin da jirgin yake ya cika, manoma na ta roƙo. Sai yaron ya ce zai tashi shi kaɗai.

Ni dillalin shanu ne. Dabbar da ba ta da lafiya, daga idonta da takunta nake gane ta. Da ya nufo jirgin sai na ga idonsa ya yi ja, fatar idon na saukowa, yana jan ƙafa.

Na ce, "Zo nan. Mi kas sha?"

Ya ce, "Lahiya lau nike, Kawu. Maganin mura na, Inna ta ba ni guda biyu."

"Sau nawa ka taɓa yin wanga feshi kai ɗai?"

Ya kauce wa tambayar ya ce, "Kawu, shinkafarka fa za ta ƙare."

Wallahi na sani, kuma abin ya ci mini rai. Manoma suka taso mini: "Alhaji, yaushe ka zama masanin jirgi?" Gaskiyarsu, ko mota ban iya ba. Sai kawai na tattara riga na zauna dirshan a gaban farfela, na ce mai son tashi ya bi ta kaina. Wani ya ce a ɗauke ni. Aka dubi girman jikina, aka fasa. Fili ya ɗauki dariya, yaron ya fusata ya shige wata mota ya zauna. Ba a jima ba muka jiyo minshari! Da ƙyar aka tashe shi sallar magariba.

Washegari babban matuƙin ya ji labari, ya kama hannuna ya ƙi saki. Ya ce matasa biyu ya taɓa rakawa makabarta, dukkansu sababbin hannu. Ɗaya irin wannan maganin ya sha, barci ya ɗauke shi a sama. Ɗayan kunyar taro ta hana shi cewa bai shirya ba. Ƙanwata na jin haka ta fashe da kuka, tana kuka tana sa mini albarka.

Bayan kwana biyu suka tashi tare, yaron garau. Da jirgin ya ratso kanmu, ni da furfurata na yi ta tsalle har hulata ta faɗa cikin ruwan gona. Kusan rabin shinkafata tsuntsu ya cinye, ban taɓa asarar da ta yi mini daɗi kamarta ba. Yau yaron nan 'ya'yansa uku, kuma duk zuwansa gida sai ya tsokane ni, wai in matsa zai wuce.

Abin da na koya shi ne, ba maƙiyi kaɗai ke tura mutum ga halaka ba. Mu da muke sonsa, da tafinmu da guɗarmu, mu muka kusa kashe shi. In ka ga naka bai shirya ba, hana shi, ko da zai kwana yana fushi da kai.