Inna Saude da Geron Gandun Sarauta

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, Allah Ya karɓi ran Inna Saude a gidan ɗanta Hafizullahi da ke Isa, bayan doguwar jinya. Matar baffana ce, marigayi Abbas, kuma ita ta rene ni. Mutane da yawa sun yabe ta a zaman makoki. Ni kuwa ta bar mini wasiyya mai nauyi, ita za ni sauke yau.

Inna, ina 'yar shekara tara aka tare mahaifina Ibrahima, mai garin ƙauyenmu da ke bayan Turba, a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa, aka kashe shi. Aka ce 'yan fashi ne. Mahaifiyata ba ta daɗe da fita takaba ba ta bi shi. Aka naɗa ƙanensa Abbas, ke kuma kika ja hannuna zuwa ɗakinki. Tabarma ɗaya muka kwana da ɗiyarki Sadiƙa, kuma wallahi ban taɓa ganin an zuba mata abin da ba a zuba mini ba. Da ƙyanda ta kama ni, a bayanki na yi jinya, ga ni da tsawon ƙafa har tana jan ƙasa. Da Baffa ya ce karatuna ya isa haka, ke kika tsaya ƙofar zaure kika ce sai na je Sakkwato, kuma na je.

Abu ɗaya ne kowa ya sani game da ke. A garinmu akwai gandun sarauta, duk wanda aka naɗa shi ke noma shi, da geronsa ake ciyar da gidan mai gari da baƙinsa. Ke kika daka geron nan shekara da shekaru, kika dama fura, kika tuƙa tuwo, amma ko ɗanɗanon gishiri ba ki yi da bakinki. 'Yar gayaunarki ta bakin fadama kike nomawa da kanki, tukunyarki daban. Shekarar da fari ya cinye gayaunar, kin rame har zobe na zame miki, ga rumbu cike a gabanki. Mata suka ce tsoron Allah ne, kada ki ci haƙƙin talakawa. Har waliyyiya ake ce miki, ni ma na yarda.

Bayan na zama malamar Turanci a Sabon Birni, na zo hutu muna tsinkar zogale, nake ba ki labarin wani tsohon wasan kwaikwayon Turawan Ingila da nake koyarwa, na wani da ya kashe sarkinsa don kwaɗayin mulki, matarsa na zuga shi. Ina ta zuba kamar rediyo. Kika ajiye ƙwaryar, kika ce, "Surayya, matar fa, mi ya same ta?" Na ce abin ne ya ci ta har ta mutu. Kika ce, "Ta samu sauƙi." Na yi dariya, Allah Ya sani ban gane komai ba.

Sai a jinyar nan taki, da hantsi, kika kori kowa kika riƙe mini hannu. Kika ce Baffa ya daɗe yana ƙorafin shi ya fi cancanta da rawani, ke kuma kina yi masa gorin cewa bakinsa kawai ke da ƙarfi. Kika ce wurin daka mahaifiyata ta faɗa miki Baba zai biyo hanyar rafi shi kaɗai, ke kika kai wa mijinki maganar, kina sane da abin da zai yi da ita. Kika ce shi ya sa geron gandun bai taɓa shiga bakinki ba. "Ɗiyata, ki faɗi bayan raina. Kada a bizne ni da yabon da ba nawa ba. Kuma in kina iyawa, ki yafe mini." Na zare hannuna na fita. Ban sake shiga ɗakin ba sai da aka ce kin cika.

Da aka gama yi miki sutura, Hafizullahi ya tsaya bakin ƙofa ya ce a yafe miki. Mata suka amsa baki ɗaya. Ni kaɗai na yi shiru, Sadiƙa na kallona. Na ji haushinki, Inna, haushin da ban taɓa ji ga ɗan Adam ba, kuma duk da haka ina kewarki. Bayan sadakar uku na zaunar da Hafizullahi da Sadiƙa na gaya musu. Mun yi kukan da ya fi na ranar mutuwa, kuma da izninsu na rubuta wannan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hafizullahi da Sadiƙa da jikokinki. Ba ku da hannu cikin komai, ku 'yan uwana ne har gobe. Allah Ya ba mu haƙurin abin da muka rasa da abin da muka ji.

Ya Allah, Ka jiƙan mahaifina da mahaifiyata. Ka dubi yunwar baiwarKa Saude da nadamarta, Ka sassauta mata.

Inna, maraicin da kika jawo mini, na yafe miki shi duniya da lahira. Jinin kuwa ba nawa ba ne balle in yafe. Mai shi yana can, kin riga ni isa wurinsa.