Ranar da Laminu Ya Rufa Mana Asiri

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Laminu a gidan kaso kusa da Lyon, kuma har yau raina bai kwanta ba.

Karatun injiniya ya kawo shi Lyon daga Zinder. Can ya fara jin muryoyi, barci ya ƙaurace masa, mu muna Paris muna ta aika rubutu da tofi. Wata rana ya ture wani dattijo a matakalar tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutumin ya karye.

A ƙasar nan, kafin a yanke hukunci, alƙali kan aiko likitan ƙwaƙwalwa. In likita ya ce hankali ya gushe lokacin laifin, sai asibiti. In ya ce da sauran hankali, sai kaso. Kawunmu Alhaji Mamman, wanda ya riƙe mu a Stains, can gefen Paris, ya riga likitan zuwa. Ya ja wa Laminu kunne kada ya ambaci muryoyin nan, muna da ƙanne mata a gida, wa zai nemi aure a gidan da aka rubuta wa hauka? Laminu kuwa bai taɓa musu da babba ba. Ya kimtsa, ya gaida likita da ladabi, ya ce lafiyarsa lau. Aka rubuta yana cikin hankalinsa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mu mun ɓoye. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari: zama ɗaya ya isa a auna hankalin mutum? Daga nan in ciwon ya tashi a kai shi sashen asibiti na fursunoni, in ya lafa a mayar da shi ɗaki, kamar guga a rijiya, har igiyar ta tsinke.

Yanzu 'yata ta shigo gida ta ce daga wajen “psy” ɗinta take, wato likitan ƙwaƙwalwa, ko a jikinta. Da Laminu zai ji, dariya zai yi ko kuka? Wallahi ban sani ba. Abin da ya rage mini nasa shi ne biyayyar nan, ina sonta ina jin haushinta.

Ƙannen duk sun yi aure. Kawu ya tsufa, ba ya fita. Da na je gaishe shi da Sallah, ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

“Da na bar shi ya faɗa, da yana nan?”

Na ce Allah ya jiƙan Laminu. Ya ce amin, amma ba abin da ya tambaye ni ke nan ba.