Hura da H

Shekarun da aka ba mu jiha, ɗiyata ta fari ta samu aikin buga takardu a wani shago cikin Gusau. Ni kuwa ina Tsafe, ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba. Malamarmu ta sha fama da ni a kan harafi guda. Ina rubuta magana yadda take fita bakina: hura, huska, hushi. Ta zagaye da jan biro, ta ce a littafi f ake sawa.

Akwai wasiƙar da na daɗe ina son aika wa yayana a Bungudu. Shekara huɗu ba ma magana, tun rasuwar Baba, kuma laifina ya fi yawa. Rubutuna karkatacce ne, ina jin kunyarsa. Sai na shiga mota na tafi a buga mini.

Kwamfuta biyu ce a shagon. Ta bakin ƙofa takan tambayi kalmar sirri, amma ɗiyata ta nuna mini, in ka danna wani wuri sai ta bar ka ka wuce.

"Wannan ƙofar zana ce, Inna. Ta ciki ita ce ƙofar ƙarfe. Tsarin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne."

Na zaɓi ta ƙarfe, saboda abokiyar aikin ɗiyata. Yarinya ce mai fara'a, sai dai bakinta ba ya riƙe magana, kuma uwarta maƙwabciyar yayana ce. In Bungudu ta ji wasiƙar kafin shi, shi ke nan.

Muna gamawa aka tarar tawadar injin buga takarda ta ƙare, sai gobe. Ɗiyata ta buɗe mini wuri nawa a cikin ta ƙarfen, ta kau da kai, ta ce in sa kalmar da ba zan manta ba. Na danna da yatsa ɗaya. Amma al'adar aji ta bi ni, abin da nake rubutawa sai na faɗe shi a fili.

"Inna! Kin faɗa!" in ji ɗiyata.

Yarinyar tana can tana jera takardu, tana murmushi. Wani Alhaji ya shigo da aikin gaggawa, muka tashi ba a canza kalmar ba.

Da safe na koma shagon, na tarar da su biyu tsaye gaban kwamfutar. Ɗiyata ta ce ta ƙi buɗewa, sau biyu tana gwadawa. Yarinyar ta yi dariya.

"Wallahi Inna, ni ma jiya na taɓa, don in ga ko da gaske ƙarfe ce. Ko kin sa mata nono ne?"

"Mi kuka rubuta?"

"Fura mana."

Na zauna, na nemi h da yatsana, na bi da sauran ukun. Ta buɗe.

Har yau ina jin ƙamshin takardar da ta fito da ɗuminta. Na ninke ta huɗu, na sa a bakin zane, na hau motar Bungudu. Yayana ya karanta a zaure, shi ne mutum na farko bayan mu biyu. Sannan ya leƙa cikin gida ya ce a dama wa ƙanwarsa hura.