Hoton Tashar Inugu

Ranar Talata ce. Da hantsi ina tankaɗen garin masara a ƙofar ɗakinmu na haya a Inugu, 'yata tana wasa da murfin kwano. Shekararta huɗu. Hajara sunanta, amma bakina bai taɓa furta shi ba. 'Yar fari ce, a gidanmu kuwa uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta ƙura mata ido. “Ke” nake ce mata.

Ƙarfe tara ihu ya taso daga bakin kasuwa. Sai ƙarar gilashi, sai harbi biyu. Maigidana, Malam Sale akawu, ya faɗo gida ba hula, riga a yage.

“Ku fito! Tasha!”

Garin na nan a faranti na bar shi.

Sha ɗaya muna tashar jirgin ƙasa, ba masaka tsinke. Sojoji sun zagaye mu. Wani Bature mai kyamara ya durƙusa ya saita mu. Na ja mayafi na rufe fuska. 'Yata kuwa ta tsaya cak tana kallonsa. Na ji ƙyas, ƙyas, sau biyu.

Da azahar jirgi ya yi kuka.

“Mata gaba! Ku shiga!”

Jama'a suka danno. Hannunta ya sulɓe daga nawa. Na ƙwala ihu, “Ke! Ke!” Wa zai waiwayo? Wallahi sunan ya zo har maƙogwarona ya tsaya. Wani soja ya tunkuɗa ni cikin tarago, aka ja ƙofa. Malam ya bi taragu yana kira har muka tsallake gadar Makurɗi. Ba ta ciki.

Masu cewa kunya ado ce, su zo su faɗa mini a gabana.

Ba mu taɓa yi mata hoto ba. Fuskarta kuma tana gudu daga kaina, don ban kalle ta yadda ya kamata ba. Da kuɗin mai ya zo, gwamnati ta turo Malam kwas Landan, muka taho tare. Ni da na koyi baƙi da girmana, na shiga laburaren unguwar Whitechapel da guntun Turancina, na ce littafin hotunan yaƙi nake so.

Baturiyar da ke kula da laburaren ta kawo na yaƙin Koriya. Sojoji suna aski, suna cin abinci a gwangwani, suna dariya. Mata da ƙunshi a ka, da goyo a baya, sak mu. Na ce mata ba yaƙinmu ba ne. Ta nemo na ƙasarmu guda biyu. Na bi su shafi-shafi. Babu tashar.

Na Koriyan na aro. A tsakiyarsa akwai wata yarinya tsaye ita kaɗai a gefen layin dogo, tana kallon mai ɗaukarta. Ba suna a ƙasan hoton. Sau shida ke nan ina sabunta aron.

Da tana nan, bana shekararta goma sha uku.