Matar da Ta Hana Ni Littafin Ubana

Takwas saura take buɗe shago. Kafin ta amsa gaisuwar kowa sai ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta ɗauki ɗan buroshin fenti ta bi ramukan iskar akwatin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta danna maɓalli. Injin sai ya yi minti huɗu yana gurnani kafin ya farka. A cikin mintocin nan take haɗa shayinta, ta goge tabarau, ta gyara matashin kujera. Haruffan kibod ɗin sun goge tun da daɗewa, amma ita ba ta ma lura ba, don ba kallonsu take yi ba.

Goggo Tafireta ake ce mata, domin da tafireta ta fara sana'ar buga wa mutane rubutu. Shekara talatin da ɗaya ke nan: takardar neman aiki, kundin ɗalibai, wasiƙar ƙorafi, duk ta hannunta suka bi. Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, wuyan hannu ya ce ya gaji. Na ce ba za ta tafi shiru ba, ko da kuwa ni ce na taɓa tsayawa a bakin ƙofarta ina zazzaga mata rashin kunya.

Goggo tana da ra'ayi, kuma ba ta jira a tambaye ta. In ka kawo mata sabuwar kwamfutar cinya kana taƙama, sai ta juya ta ta duba ƙasanta. "Ina notin? Da gam suka liƙe ta? To ɗana, ba saya ka yi ba, aro suka ba ka. Ranar da batir ya mutu sai ka yi jana'izarta gaba ɗaya." Tata kuwa noti huɗu ne, da wuƙar tebur ma tana buɗewa. Wayoyin zamani kam ba sa shan daɗi a bakinta. Ta ce duk wanda ya tsara su bai taɓa riƙe hannun tsoho ba.

Babana malamin makaranta ne mai ritaya, kuma marubuci. Littafinsa na farko a wani shago aka buga masa, wani ya zare shi a filash, bayan wata biyu Baba ya ga aikinsa yana yawo a wayoyin mutane da sunan wani. Abin ya ci shi ƙwarai. Da zai fara na biyu sai ya zo wurin Goggo da sharaɗi. Zai zauna kusa da ita yana faɗa tana bugawa, babu takarda, babu filash, kwafi ɗaya tak a cikin kwamfutarta, har sai shi da bakinsa ya ce a fitar. Ta ce ta yarda. Shekara biyu suka yi a haka, yana faɗa, tana bugawa, suna musu a kan waƙafi.

Mako uku da gama littafin, ɓarin jikin Baba ya shanye. Magana ta ɗauke. Kansa kullum yana kaɗawa, ba ka gane i ɗinsa da a'arsa. Babban yatsan hannun hagu kaɗai ya rage yana jin maganarsa. Yayana ya saya masa waya don ya riƙa rubuta mana abin da yake so, amma haruffan ƙanana ne, ya taɓa ɗaya uku su fito, wayar kuma ta yi masa shisshigi ta canza kalmar da wata. Kwana biyu ya ture ta ƙasa. Daga nan muka daina tambayarsa komai. Mu muke zaɓar rigarsa, mu muke yanke lokacin barcinsa, a gabansa muke maganarsa kamar ba ya ɗakin. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi.

Bayan shekara na je shagon da filash a hannu.

"Goggo, littafin Baba na zo karɓa. Zan saka shi mutane su karanta."

"Shi ya aiko ki?"

"Ta yaya zai aiko ni? Ni 'yarsa ce fa."

"Na san ke 'yarsa ce, 'yata. Amma shi ya rubuta, kuma yana raye."

Na faɗi maganganu. Na ce ita ma so take ta sayar, na ce tsohuwar kwamfutarta in ta mutu da littafin sai na yi ƙararta. Mai gyaran rediyo na shagon kusa har ya leƙo. Goggo ta bari na gama, ta ce in gaishe da mutanen gida.

Abin haushin, tsorona gaskiya ne. Injin ya fara mutuwa da kansa, fankar cikinsa ta tsaya, da ya yi zafi sai ya ɗauke. Mai gyaran rediyo ya ba ni labari daga baya. Ya ce duk aikin mutane ta kwashe ta adana, ban da wannan. Ya ce mata, "Goggo, ki kwafa ki ɓoye mana, wa zai sani?" Ta ce, "Ni." Ta yi kwana tara tana bin masu tsofaffin kayan lantarki tana neman fanka irin ta da. Kafin ta samu, buɗe cikin akwatin ta yi, ta juya wa injin fankar teburinta ɗaya tilo, ita kuma tana zaune tana jiƙewa da gumi.

Wata ranar Asabar sai ga ta a gidanmu. Ta gaishe da Baba kamar yadda ta saba, har da tsokanarsa cewa ya gudu ya bar ta da waƙafai. Ta ce a ba ta wayar nan. Ta tafi da ita mako guda, ita da ke zagin wayoyi, tana tona cikin saitin da tabarau a kan hanci. Da ta dawo, ta share duk tarkacen da ke fuskar wayar, ta kashe mai canza kalma, ta girmama haruffan har suka cika gilashin. Ta liƙe wayar a kan katakon yanka albasa don kada ta zame, ta ɗora masa a cinya.

"Malam," ta ce, "kwamfutata tana ciwo. Littafinka yana ciki, kwafi ɗaya, yadda ka ce. Me kake so in yi?"

Ta zauna ta harɗe hannu. Ni da na saba ƙarasa masa zance, sau biyu ina buɗe baki tana hararata. Yatsan yana tafiya, yana hutawa, yana komawa. Ya kai rabin awa. Da ya gama ta juyo mini da katakon.

"Ke kaɗai kika tambaye ni."

Ba da ni yake ba, amma ni maganar ta sama. Na fita tsakar gida na yi kuka mai isata. Da na dawo ya ƙara layi: ta kwafa, ta ba ni, amma sai an karanta masa babi na tara tukuna, akwai abin da bai gamsu da shi ba. Goggo ta ce, "Na san za a rina," ta jawo kujera. Littafin ya fito bara, da sunansa a bango.

Goggo, ke ce mai riƙon amana ko mai amanar ba ya iya tuhuma. Ke ce kika ga mutum a inda mu 'ya'yansa muke ganin majinyaci. Kin sha zagi daga bakina ba ki rama ba, har yau ba ki taɓa tayar da zancen ba. Na gode. Allah ya ba hannuwanki hutu, ya saka miki da mafificin alheri.

Ku kuma masu karatu, aikin wani yana shigowa wayarku kullum, turawa kuma ba ta kai daƙiƙa ba. Kafin yatsa ya danna, ku tuna abin yana da mai shi, ku tambaye shi, ko da amsar za ta ɗauki rabin awa.

Ni ma na koya. Kafin in rubuta wannan sai da na ɗora wa Baba katakonsa na tambaye shi ko ya yarda in ba da labarin. Na zauna na jira, ban ƙarasa masa ko harafi ba. Ya rubuta: "Rubuta. Ki faɗi har rashin kunyar da kika yi mata."

Na faɗa, Baba.