Babur Ɗin da Muka Ɓoye a Zaure

Ko tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman carbina alhali yana hannuna, akwai wata ranar kasuwar Batsari da ba za ta goge daga zuciyata ba. Ita ce ranar da na tsaya a zauren gidanmu ina kallon bakin bindiga yana nuna ƙirjin autanmu, kuma duk a kan babur.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Ruma, ba nisa da bakin daji. A shekarun nan ƙarar babur ba ƙaramin abu ba ce a wurinmu, don mutanen daji da babura suke zuwa, tuli guda, kowanne da goyo. Kunnen kowa ya riga ya koya. In ƙarar ɗaya ce, ɗan acaɓa ne. In ta yi yawa, mata su saɓi yara su faɗa cikin dawa, 'yan sa-kai su ɗauko bindigoginsu. Har dattawa suka yanke cewa duk mai babur ya kashe shi a gindin tsamiyar bakin gari, ya turo shi da hannu. Ni a Batsari nake aure, amma damunar nan na dawo gida jinyar Innarmu, wadda ciwon ƙafa ya zaunar da ita wuri ɗaya.

Auta kuwa tun yana ƙarami aka tura shi karatu birni, ya gama ya kama aiki can, don haka samarin garin da yawa ba su san fuskarsa ba. Ya ɗauko farin Inna da dogon hancinta, da yake Bafulatana ce, ga gashi ya tara a kai kamar wanda ya yi faɗa da wanzami. Yaron kirki ne, amma yana da ciwo ɗaya a duniya, wato babur. Ba irin namu na ɗaukar buhu da akuya ba, irin na tsere ne, ja, ƙato, wanda mai hawansa ke kifewa a kan tanki kamar mai ciwon ciki. Nakan tsokane shi in ce ya yi aure bai gayyace mu ba. Ko kaza ce ta gifta kusa da shi sai ya bi ta da harara.

Da ya sami hutu sai ya hau shi ya nufo gida. A Safana babur ya fara tari yana yankewa. Makanikai suka kewaye shi suna kallo, shi kuwa ya rantse ba mai sa masa hannu, da kansa yake gyaran abinsa. Ya kira Baba a waya, ina zaune a gefe ina jin amsar da Baba ya ba shi.

“Kada ka kuskura ka shigo mini gari da abin ga a buɗe. Gobe labari ya kai daji an ce ɗan wane ya yi arziki.”

Baba bai yi ƙarya ba, don kowa ya san akwai masu kai rahoto, kuma ba a goshi aka rubuta musu ba. Sai aka ɗora babur a a-kori-kura, aka jera buhunan taki a gefensa, aka lulluɓe da tampol. Aka sauke shi a zauren ciki. Maƙwabtan da suka tambaya, Baba ya ce musu injin niƙa ne aka kawo ajiya.

Washegari Auta ya shimfiɗa buhu ya jera sifanu daga ƙarama zuwa babba, ya shiga aiki. Ni dai da farko dariya nake masa, amma daga baya na koma kallo, don akwai daɗi ka ga mutum yana abin da ya iya. Ya kwance fulogai ya goge kowanne. Ya ciro matatar iska ya nuna mini yadda ƙasar hanya ta toshe ta, ya ce ita ce sanadin tarin. Ya wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya sa mata mai, ya duba birki da ruwan lagireto. Salansa ma ya kwance ta ya jingine a bango, wai tana huci a mahaɗa. Abu ɗaya ya rage, juyen baƙin mai. Irin man da babur ɗin ke sha ba a samunsa a wajenmu, sai ya yi waya Katsina aka ba wani direba, Baba zai karɓo a tasha in ya shiga kasuwar Batsari.

Ranar kasuwa Baba ya yi sammako, haka ma yawancin magidantan garin. Bayan azahar ina tankaɗe, Auta ya leƙo da tsumma ɗaure a hanci saboda hayaƙi, ya ce zai ɗan tayar da injin.

“Ka san dokar gari,” na ce masa.

“Yaya, a cikin gida ne fa. Mai sanyi ba ya fita duka, sai an ɗumama inji. Kafin Baba ya iso na tsiyaye tsohon, sai zuba sabo kawai.”

A zatona ƙarar babur zan ji irin wadda na saba ji. Ashe rage ƙara ne aikin salansar da ya kwance, ban sani ba. Ya danna, zauren nan mai rufin kwano ya ɗauka. Wallahi sai da rariyar ta faɗi daga hannuna. Ba ƙarar babur ɗaya ba ce, kamar ayari ne guda ya shigo gida, ƙasa na rawa, kaji na tsallake danga. Ya murɗa totur, ƙarar ta ƙara hawa, ya sake murɗawa. Sannan ya kashe, ya durƙusa ya kwance noti a ƙarƙashin injin, mai baƙi ƙirin ya fara tsiyaya cikin tsohon kwano. Har da ɗan fitonsa.

Da kunnena ya dawo sai na fara jin garin. Gudu, ƙarar kyaure, wata mata tana ƙwala wa 'ya'yanta kira da muryar da na san ma'anarta. Can kuma sai shiru, irin shirun da ko jaki ba ya kuka. Na leƙa ɗaki na tarar Inna tana ƙoƙarin jan jiki daga gado.

“Sun zo?” ta ce.

“A'a Inna, babur ɗin Auta ne.”

Ta dube ni, ta ce, “To, su mutanen gari sun san haka?”

Na fizgi mayafi zan fita in yi shela, amma na makara. Ina isa zaure suna shigowa, 'yan sa-kai, sarkin bakan garinmu a gaba, tsoho ne sa'an Baba, samari a bayansa da bindigogi. Wasu sun riga sun haura ta danga. Abin da suka tarar shi ne baƙon saurayi fari mai tarin gashi, fuska ɗaure da tsumma, hannu baƙi, durƙushe gaban babur ɗin da ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Ɗaya daga cikinsu ya yi ƙafa da kwanon, man ya malale a ƙasa. Na san shi, bara mutanen daji suka kashe wansa a gona. Shi ne ya ɗora wa Auta bindiga a ƙirji.

“Ina sauran?” ya ce.

Na faɗa tsakaninsu ban san na yi ba, na dubi sarkin baka. “Baba, autanmu ne! Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya!”

Sarkin baka ya sa aka kwance tsumman, ya daɗe yana kallonsa. “Na ga kama,” ya ce. “Amma ɗiyata, zamanin ga ɗan gida shi ka buɗe ƙofa. Mu ƙarar babura muka ji, ba ta ɗaya ba. Kuma ubanku injin niƙa ya ce muna. Wanga ne injin niƙan?”

Duk dabarar da muka yi don kada mutanen daji su ji, ita ce ta dawo ta zama shaida a kanmu. Suka bincike ɗakuna da rumbu, har ƙarƙashin gadon Inna, ba su ga komai ba. Sarkin baka ya ce in dai wannan ne ya yi ƙarar nan shi kaɗai, a tayar da shi kowa ya ji.

Auta ya dubi man da ƙasa ta shanye. Ya ce wa sarkin baka, “Baba, babu mai a cikinsa. In na tayar da shi a haka injin zai buga. A jira Babanmu, yana tafe da sabo.”

“Ka ji ko?” in ji mai bindigar. “A jira! Su wa za mu jira?” Na ji ƙarar da bindigar ta yi lokacin da ya ɗana ta.

Ni na san abin da babur ɗin nan yake a wurin Auta. Na san ya hana kansa sutura da abinci mai kyau kafin ya same shi. Amma a lokacin, da zan iya ɗaga shi, da na jefa shi rijiya da hannuna. Na kama wuyan rigarsa na ce, “Auta, don darajar Inna, tayar.”

Ya tayar. Samarin suka yi baya a firgice, wani har ya buge da bango. Sarkin baka ya ɗaga hannu, Auta ya yi maza ya kashe. Na ɗauka an gama. Sai mai bindigar ya ce to an ji ɗaya ne, amma wa ya san ko na babban mutanen daji ne aka kawo gyara a ɓoye? Ya dubi ɗakin Inna ya ce, “Dama ai ku da su dangin juna ne.” Inna tana jinsa, matar da ta yi wa uwarsa wankan jego. Har yau maganar nan tana ci mini rai. Wasu suka gyaɗa kai, kuma kowa a wurin ya san abin da ake yi wa mai gyara wa mutanen daji babur.

Sarkin baka ya kewaya babur ɗin a hankali. Ya leƙa cikinsa da ke dab da ƙasa, ya shafa tayar, sumul ba ƙurji, ya dubi ɗan wurin zaman baya da ko tulu ba zai zauna ba. Sai ya ce a tura shi burtali. Burtalin nan shi ne hanyar shanu da ta nufi daji, yashi ne zalla, kuma ta nan mutanen daji suke ɓullowa.

“Hau ka bi ta nan,” ya ce. “In na daji ne, ya san hanyar gidansu. In ka wuce kukar can, ba ni da ikon hana yaran ga.”

Na bi su ba takalmi. Mutanen da suka ɓuya sun fara leƙowa daga cikin dawa. Auta ya hau, bindigogi na bin bayansa. Ni da na sha jin yana cika baki cewa babu abin da ke kamo babur ɗin nan a titi, sai ga ni ina roƙon Allah da dukan zuciyata ya sa ya kasa. Ina tsoron kada yashin ya yi tauri saboda ruwan da aka yi, ina tsoron kada firgita ta sa Auta ya murɗa da ƙarfi abin ya ɗauke shi.

Ya tashi da ruri, ya shiga yashin da gudu, gaban ya fara lilo. Ya ɗan yi gaba. Sai tayar baya ta fara tono tana watsa yashi, cikinsa ya zauna daram. Auta ya ci gaba da murɗawa don kada a ce da gangan ya yi. Ƙarar ta sauya, wani ƙwas-ƙwas ya shigo cikinta kamar ana dukan ƙarfe da guduma, hayaƙi ya tashi, sannan ɗif. Babur ya kwanta a gefe, shi ma ya zauna a yashi ya haɗa kai da gwiwa. Kukar tana can gaba da nisa.

Wani daga baya ya ce, “Wanga ko jakina ya fi shi.” Dariya ta ɓarke, irin dariyar mutanen da suka tsorata. Sarkin baka ya sa hannu ya danne bakin bindigar saurayin nan zuwa ƙasa. Ni ban yi dariya ba, na zube a wurin ina kuka.

Ana cikin janyo babur ɗin sai ga Baba ya ɓullo ta gindin tsamiya, da galan ɗin sabon mai a hannu, yana riƙe da shi a hankali kada ya zube. Ya dubi taron, ya dubi Auta, ya dubi babur. Ya ajiye galan ɗin a ƙasa, ya cire hularsa, ya fara bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri. Akwai tsohuwar da ta gurɗe a wajen gudu, gidanta ya fara zuwa.

Injin bai sake tashi ba. Auta yana nan da ransa, ya yi aure na gaske har da 'ya'ya, ya kuma sayi wani babur ɗin, don mai hali ba ya fasa halinsa. Amma duk ranar da zai zo gida, a gindin tsamiya yake kashe shi, ya turo shi ta tsakiyar gari a buɗe, yana gaida kowa.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, tsoro ya sa mun ɓoye abinmu daga mutanen daji, ba mu lura cewa maƙwabtanmu muka fara ɓoye wa ba. Da Baba ya kira sarkin baka tun daren farko ya ɗaga masa tampol, da ba wanda ya gudu, da ba wanda ya gaya wa Inna baƙar magana. A gari irin namu, abin da ka hana maƙwabcinka gani da idonsa, tsoro ne zai ba shi labarinsa, kuma ranar da zai zo tambaya ba da sallama zai shigo ba.